Babi na Bakwai: Likitan da Ya Sa wa Teburinsa Zarto

A birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya akwai wani likitan haƙori, Paddi Lund, wanda wata rana ya ɗauko injin yankan itace, ya nufi dogon teburin da ake tarbar marasa lafiya a asibitinsa, ya daddatsa shi. Bai tsaya nan ba. Ya sauke allon da ke ɗauke da sunan asibitin, ya cire lambar wayarsa daga kundin lambobin gari, ya garƙame ƙofar shiga, ya ce daga yanzu ba wanda zai duba sai wanda tsofaffin masu zuwa wurinsa suka gayyato. A gurbin teburin ya kafa injin dafa kofi ɗan Italiya, ya jera kofunan tangaran na shan shayi, ana kuma gasa ƙananan burodi a cikin asibitin don ƙamshinsu ya danne warin magungunan da ke sa gaban mutum faɗuwa tun daga bakin ƙofa.

Duk wanda ya ji wannan zai ce mutumin ya taɓu. Shi kansa bai ɓoye cewa ya kusa ba. A littafinsa mai suna Building the Happiness-Centred Business ya ba da labarin yadda ƙunci ya kusa zautar da shi, alhali yana da duk abin da ake yi wa likita sha'awa: ilimi, asibitin kansa, da mutane a layi. Yana aiki dare da rana, yana komawa gida a gajiye, ma'aikatansa kuwa ba sa daɗewa, wannan ta tafi waccan ta zo. Da ya zauna ya yi wa kansa hisabi, sai ya ga abin da yake nema tun farko kwanciyar rai ne, kuma ya gina wurin da ba mai samunta a ciki, daga shi har masu yi masa aiki.

Labarin zarton da kullallar ƙofar shi ya zaga duniya, domin shi ne mai daɗin faɗa a taro. Gyaran da ya fi tasiri kuwa ba ya fitowa a hoto. A bakin mutane aka yi shi, wato a yadda 'yan tsirarun da ke aiki a wurin suke magana da juna daga safe zuwa yamma.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa magana take da nauyi haka, sai an leƙa ɗakin da ake aikin. A ƙaramin asibitin haƙori mutum biyar ne ko shida: likita, mataimakiyarsa, mai wanke haƙora da dasashi, mai tarbar baƙi da karɓar kuɗi, wani lokaci da mai tsabtace kayan aiki. Tun shekarun 1960, lokacin da makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Alabama a Amurka ta daidaita tsarin da ake kira aiki da hannu huɗu, likita da mataimakiyarsa a zaune suke aiki, gwiwa kusa da gwiwa, kan mara lafiya a tsakaninsu. Ita ke zuƙe yawu da ruwa, ita ke daidaita fitila, ita ke haɗa ciko, ita ke miƙa ƙarfen da ake buƙata kafin ma likita ya buɗe baki. Tazarar da ke tsakanin fuskokinsu ba ta fi kamu ɗaya ba, kuma haka za su wuni. Ma'aikacin babban kamfani yana iya yin mako bai ga shugabansa ba. Ita kuwa ko tsaki likita ya yi a bayan takunkumi, a kunnenta zai sauka.

Ga kuma na uku a ɗakin, wanda ya zo a tsorace. Binciken lafiyar haƙoran manya da aka yi a Birtaniya a 2009 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na manya suna da matsanancin tsoron likitan haƙori, ban da masu tsoro na tsaka-tsaki da suka fi su yawa. Injin da ake huda haƙori da shi yana juyawa fiye da sau 300,000 a minti ɗaya, da wani siririn kuka da ke ratsa kai. Mutum yana kwance, baki a buɗe, ba halin magana, hannuwansa sun damƙe kujera. Tsoron nan ba ya tsayawa a jikinsa shi kaɗai. Yana fita ta hanyar faɗa da mai karɓar kuɗi, ta hanyar makara, ta hanyar yaron da ya ƙi buɗe baki har ya cinye lokacin mutum biyu. Da zarar aikin ƙarfe tara ya zarce da minti ashirin, sauran ranar duka gudu ce, kuma abin da ake fara yankawa shi ne hutun cin abincin ma'aikata.

Shi kuma likitan, shi ne maigida, shi ne babban ma'aikaci, shi ne mai biyan albashi, shi ne alƙali in an yi rigima. Ya kwashe shekara biyar ko shida yana koyon jijiyar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, amma da wuya a ce an zaunar da shi an koya masa yadda ake gaya wa babba ta yi kuskure ba tare da an zubar mata da mutunci ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutane shida a ɗaki uku.

Lund ya lura cewa ba manyan fitintinu ne ke ɓata masa rana ba. Ƙananan abubuwa ne da ba a ko iya kai ƙararsu: umarni ba tare da kiran suna ba, miƙa hannu a karɓi ƙarfe ba godiya, shigowa da safe a wuce mutum kamar ba a gan shi ba, magana ƙasa-ƙasa da ke yankewa in wani ya shigo. Sai shi da ma'aikatansa suka shimfiɗa wasu ƙa'idoji takwas na ladabi, kowa ya yarda zai bi, har da shi.

Wasu daga cikinsu Bahaushe zai ji su ya yi murmushi. A gaisa da kowa da sunansa in an zo, a yi sallama in za a tafi, a riƙa cewa don Allah da na gode. Wanda ya tashi a inda gaisuwar safe kaɗai takan ci minti biyar, da tambayar kwana da gajiya da iyali, zai ce ashe sai da Bature ya kusa haukacewa kafin ya gano abin da ake koya wa yaro a zaure. Gaskiya ne, amma kada a yi saurin bugun ƙirji. Gaisuwar nan tamu ta saba hawa sama, daga yaro zuwa maigida. Sau nawa ake ganin maigidan ya riga mai shara gaisuwa, ko ya ce wa mataimakiyarsa sannu da ƙoƙari bayan an fitar da turmin haƙorin da ya ƙi fita? A ƙa'idar Lund godiyar dole ce ta sauko ƙasa, kuma ta sauko a tsakiyar aiki, lokacin da gumi ke tsattsafo wa likita a goshi.

Sauran ƙa'idojin sun fi ɗaci. Ɗaya ta ce in za ka yi maganar wanda ba ya nan, ka yi ta kamar yana tsaye yana jin ka, kana kiran sunansa. Wata ta ce in kana da matsala da mutum, da shi kaɗai za ka yi maganar, kuma a keɓe. Waɗannan biyun gulma suka nufa, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin wuri ya san abin da gulma ke yi. A ma'aikata mai mutum ɗari biyar, in biyu ba sa ga-maciji, sai a sauya wa ɗaya sashe. A wurin mutum shida ba sashen da za a kai kowa. Mai tarbar baƙi ta yi wa mai wanke haƙora ƙorafin mataimakiya, kafin azahar asibitin ya rabu gida biyu, mara lafiyar da ke kwance kuma yana jin iskar ta sauya ko da bai san dalili ba. Dabarar kiran suna tana da wayo a cikinta. Cewa “waccan” yana sauƙaƙa yanka mutum. Da an ambaci sunansa, sai ya zama kamar ya shigo ɗakin.

Akwai kuma wadda ta ce in abin da ka yi ya ɓata wa wani rai, ka nemi afuwa, ka kuma gyara. Ba a ce sai in kai ne da laifi ba. Nan ne yawancin masu asibiti ke cijewa. Likitan da ya daka wa mataimakiyarsa tsawa a gaban mara lafiya yakan shirya da ita ta bayan fage: ya sayo lemo, ya yi raha da rana, ya bar ta ta tashi da wuri. Ita kuwa ta san lemo daban, “ki yi haƙuri, ban kyauta ba” daban. Na farkon yana rufe maganar, na biyun ne yake wanke ta.

Ƙa'idar da ta fi kowacce amfani ga lafiyar jama'a ita ce wadda ta ce in abu ya lalace, a tuhumi tsarin aiki kafin a tuhumi mutum. A ɗauki misalin tukunyar tururi da ake dafa kayan aiki a ciki. Ana kai zafinta maki 134 a ma'aunin Salsiyos na aƙalla minti uku, kuma akwai 'yar alama a jikin ƙunshin kayan da ke sauya launi in zafin ya kai. A ce wata rana mai tsabtace kayan ta lura alamar ba ta sauya ba, alhali an riga an buɗe ƙunshi ɗaya an yi aiki da shi. Abin da za ta yi a cikin minti ɗaya mai zuwa ya dogara kacokan ga abin da ya faru ranar da ta yi kuskure na baya. In a ranar an tsinka ta a gaban mutane, yau za ta mayar da sauran kayan tukunya ta yi gum da bakinta. In kuwa a ranar tambayar da aka yi ita ce me ya sa mutum ɗaya ke wanke kaya yana kuma amsa waya, yau za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, “Likita, akwai matsala.”

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A farkon shekarun 1990 Amy Edmondson, tana ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Harvard, ta bi diddigin kurakuran ba da magani a sassan jinya na wasu asibitoci biyu. Ta shiga aikin da zaton cewa sassan da ke da shugabanci nagari da zaman lafiya su ne za su fi ƙarancin kuskure. Alƙaluman suka fito a juye: su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka zurfafa bincike sai aka ga ba yin kuskuren suka fi ba, faɗinsa suka fi. A sassan da shugaba ke da zafin hannu, ma'aikatan jinya sun koyi binne abin da ya faru. Ta wallafa wannan a 1996, kuma daga nan ta gina aikin da ya sa sunanta ya shahara, kan yanayin da ma'aikaci ke jin zai iya buɗe baki ba tare da an ci masa fuska ba. Mai asibitin da ke alfahari cewa shekara guda ba a kawo masa rahoton kuskure ba, ya kamata abin ya hana shi barci.

Lund ya ƙara da wata al'ada ta kullum. Ma'aikata sukan taru, kowa ya faɗi makin da ya ba farin cikinsa da kuma damuwarsa a ranar, daga ɗaya zuwa goma, da dalili. A ido abin kamar wasan yara. Amfaninsa shi ne lamba ta fi jimla sauƙin fita daga bakin na ƙasa. Yarinyar da ba za ta taɓa iya cewa maigidanta ya ɓata mata rai ba, tana iya cewa “huɗu”, kuma huɗun nan ta isa ta sa a tambaya. Sai dai al'adar tana da sharaɗi. Ranar da wani ya ce uku aka harare shi, daga ranar kowa takwas zai riƙa cewa har asibitin ya rufe.

To, ina batun kuɗi? Ai ba da na gode ake sayen hatsi ba.

A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. Sun nemi kowa ya tuna lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa, da lokacin da ya fi jin haushinsa. Amsoshin ba su zama kishiyoyin juna ba. In ana maganar haushi, sai a ambaci dokokin kamfani, halin shugaba, yanayin wurin aiki da albashi. In ana maganar daɗi, sai a ambaci wani aiki mai wuya da aka kammala, yabon da aka samu a kansa, amanar da aka damƙa wa mutum, da ci gaban da ya yi. Herzberg ya ce rukuni na farko kamar tsabta yake a asibiti: rashinta yana kawo cuta, amma samunta kaɗai ba ya sa mutum ya yi ƙarfi. Masana sun soki hanyar da ya bi, musamman da yake ɗan Adam ya saba jingina nasara ga kansa, ya jingina ɓacin rai ga wasu. Duk da haka rabon da ya yi yana da amfani ga mai ƙaramin asibiti, in ya karanta shi ta fuskar da ta dace. Wasu sukan fake da Herzberg su ce ai kuɗi ba ya zaburar da ma'aikaci, don su ƙi ƙara albashi. Wannan karatun son zuciya ne. Albashin da ake biya ranar goma ga wata maimakon ƙarshen wata, safar hannu da ke ƙarewa a tsakiyar mako, kujerar mataimakiya da ta karye aka ɗaure da waya, duk waɗannan sai an kawar da su tukuna kafin wani yabo ya shiga kunne. Liyafar ƙarshen shekara a wurin da ake bin maigida albashin wata biyu, cin fuska ce.

Inda kuɗi ke da haɗari shi ne lokacin da aka ɗaura shi a kan adadin aikin da aka yi a bakin mutane. Ingila ta ga haka a fili. A 2006 hukumar lafiya ta ƙasar ta sauya yadda take biyan likitocin haƙori, ta koma biya da maki: duba baki maki 1, ciko ko cire haƙori ko wanke jijiya maki 3, hular haƙori ko haƙoran roba maki 12. Matsalar a lokacin ita ce, ko ciko ɗaya aka yi wa mutum ko biyar, maki 3 ne. Wanke jijiya da ke cin awa guda ko fiye, da cire haƙorin da ke cin minti kaɗan, farashinsu ɗaya. A 2008 kwamitin lafiya na majalisar dokokin ƙasar ya ba da rahoton cewa ayyuka masu wuya irin su wanke jijiya sun ragu ƙwarai, cire haƙori kuma ya ƙaru. Ba wai likitocin sun wayi gari sun zama mugaye ba ne. An nuna musu abin da ake ƙirgawa, suka bi shi, kuma shekara da shekaru ƙungiyarsu tana kukan cewa tsarin ya kashe musu gwiwa.

Abin da ya faru da ƙasa guda yana faruwa a ɗaki uku. In aka ce mai wanke haƙora tana da kamasho a kan duk wanda ta shawo kansa ya yi ƙarin aiki, an mayar da ita 'yar talla, kuma ita ce ta farko da za ta ji ƙyamar abin. In aka ware garaɓasa ga “gwarzon wata” a cikin mutum biyar, an faranta wa ɗaya, an bar huɗu suna lissafin dalilin da ya sa ba su ba ne. Aikin haƙori na taro ne. Cikon da ya daɗe a baki yana da hannun wadda ta busar da wurin, da wadda ta dafa kayan, da wadda ta tsara lokaci yadda likita bai yi gaggawa ba. Rabon da ya fi zama lafiya shi ne wanda kowa ya san yadda ake lissafa shi, kuma kowa ke da kaso a ciki.

Akwai wani abin zaburarwa da asibitin haƙori ke da shi a ɓagas, amma yakan bar shi ya zube. A 2007 Adam Grant da abokan bincikensa suka wallafa gwajin da suka yi a kan ɗaliban da ke buga waya suna roƙon tsofaffin ɗaliban wata jami'a a Amurka su ba da gudummawa. Aiki ne mai cin rai, yawancin waɗanda aka kira suna kashe waya. Sai aka kawo wa wani rukuni ɗalibi guda da ke karatu da tallafin irin kuɗin da suke tarawa, suka yi hira da shi ta minti biyar. Bayan wata guda, lokacin da 'yan rukunin ke ɗauka a kan waya ya ƙaru da kashi 142 cikin 100, kuɗin da suke tarawa kuma da kashi 171. Ba a ƙara musu ko sisi ba. Fuskar wanda ke cin moriyar wahalarsu kawai suka gani.

A asibitin haƙori wa ke ganin wannan fuskar? Likita. Shi ake miƙa wa madubi a gabansa, shi ke ganin dattijuwar da ta shekara tana rufe baki da mayafi in za ta yi dariya ta kalli sababbin haƙoranta, shi ake yi wa addu'a. Mai haɗa haƙoran robar, wanda ya kwana yana goge su a wani ɗaki ko ma a wata unguwa, samfurin baki kawai ya sani. Mai dafa kaya tururi kawai take gani. Kiran su su shigo su ga abin da hannunsu ya yi, da izinin mai haƙoran, ba ya cin minti biyu. Lund ya bi wata hanya mai kama da wannan: kowane mai zuwa asibitinsa yana da ma'aikaciya guda da ke kula da shi, ita ke tarbarsa da sunansa, ita ke kawo masa shayi, ita ke tare da shi har ya tafi. Da haka godiyar ta daina tsayawa a kan likita shi kaɗai.

Masu asibiti da yawa ba sa sanin darajar waɗannan mutane sai sun tafi. A Amurka, wani bincike da ƙungiyar likitocin haƙori da ta masu wanke haƙora suka yi tare ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2020 kusan kashi 8 cikin 100 na masu wanke haƙora sun bar aiki tun ɓarkewar annobar korona, kuma shekarun da suka biyo baya likitoci sun yi ta cigiyar ma'aikata. A wurin mutum shida, tafiyar mataimakiyar da ta shekara biyar tana karanta hannun likita ba gurbi ɗaya ba ne. Ta tafi da sanin wane yaro ne sai an fara nuna masa madubi, wane dattijo ne ke shan maganin da ke hana jini daskarewa, wane ƙarfe likita ke so a miƙa masa ta hagu. Sabuwa za ta koya, amma sai an yi watanni ana tuntuɓe.

Batun kulle ƙofa kuwa, a nan ya kamata a yi wa Lund adalci, a kuma yi wa mai karatu gaskiya. Ya sallami wani kaso na masu zuwa wurinsa, waɗanda ba sa biya a kan lokaci, masu saɓa alƙawari da masu wulaƙanta ma'aikata, ya tura su wurin wasu likitocin. Ya ce bayan haka awoyin aikinsa sun ragu, samunsa ya ƙaru. Wannan shaidarsa ce a kan kansa, kuma mutumin da ya koma sayar da littattafai da yin lacca a kan tsarinsa yana da dalilin ƙawata labari. Sannan Brisbane gari ne mai wadata da likitoci birjik. Wanda aka sallama zai taka zuwa titi na gaba. A garin da likitan haƙori ɗaya ke duba jama'ar ƙananan hukumomi da dama, kulle ƙofa zalunci ne, ba dabara ba. Abin da ke ɗaukuwa daga ciki ɗan ƙarami ne, amma yana da nauyi: ma'aikaci ya san cewa in wani mai kuɗi ya zage shi a bakin kanta, maigidansa zai fito ya tsaya masa, ko da za a rasa cinikin.

Tsarin ya yi tafiyar da ba wanda ya zata. Clive Woodward, wanda ya karɓi horar da 'yan wasan zari-ruga na Ingila a 1997, ya ci karo da tunanin Lund, kuma a littafinsa na 2004 ya bayyana irin tasirin da likitan ya yi masa. Abu biyu ya ɗauka: kula da ƙananan abubuwan da ba dole ba ne amma su ke bambanta wuri da wuri, da kuma barin 'yan wasa su shimfiɗa wa kansu ƙa'idojin zama tare, irin su isa wurin taro minti goma kafin lokaci. Ranar 22 ga Nuwamba, 2003, a birnin Sidni, Ingila ta doke Ostireliya da ci 20 da 17 ta ɗauki kofin duniya. Ba wanda zai ce likitan haƙori ne ya ci wasan. Ƙafar Jonny Wilkinson ce ta buga ƙwallon ƙarshe. Abin lura shi ne Woodward bai rubuta dokokin ya miƙa wa ƙattin nan ba. Su suka tattauna, suka amince, shi ya sa hannu.

Wannan ne inda masu kwaikwayon Lund suka fi faɗuwa. Likita ya dawo daga taron bita da zafinsa, ya buga ƙa'idoji takwas a takarda, ya liƙa a ɗakin ma'aikata, ranar Laraba kuma ya yi wa mataimakiyarsa tsawa a kan auduga. Daga ranar takardar ta zama abin dariya, kuma gara ma a ce ba a liƙa ta ba. Mai asibitin da ke son gwada wannan hanya ya ajiye batun injin kofi da kofunan tangaran, ya biya albashin wannan watan a kan lokaci, sannan ya nemi ma'aikacin da ya ɓata wa rai a makon jiya, ya kira shi gefe da sunansa, ya ba shi haƙuri. Maganar takarda ta jira sai ma'aikatan sun zauna sun faɗi abin da suke so a rubuta a cikinta.